Kakaki da Kahon Bach: Sirrin Bututu Marar Huda

Ɗalibin Masama da ya taɓa kallon hawan Sallah a Birnin Kebbi ya san amon kakaki a gaban Sarkin Gwandu. Duk tsawon nan nasa, kakaki ba shi da huda irin ta algaita, kuma yawanci murya biyu mabushi ke fitarwa. Me ya sa?

A 1731, a birnin Leipzig na Jamus, Johann Sebastian Bach ya tsara kiɗan buɗe taro, wato sinfoniya, don bikin sabuwar majalisar gari. Cikin kayan kiɗan har da kahon ƙarfe uku da tambura. Kahonnin ba su da maɓalli, domin sai wajen 1815 aka ƙirƙiro shi.

Iskar da ke cikin bututu ba ta karkarwa yadda aka ga dama. Ninki take bi: biyu, uku, huɗu na karkarwar farko. A ƙasa muryoyin nesa suke da juna, nan kakaki ke tsayawa. A sama kuwa sukan matso kusa har su isa rera waƙa. Can Bach ya tura mabusansa, inda leɓe in ya ɗan goce sai murya ta fashe a gaban manyan gari.