Kafin Masu Amshi Su Ƙare: Marubutan Tarihin Makaɗan Hausa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san muryar Narambaɗa, ko da bai san ta inda ake bi a je garinsu Tubali ba. A nan bakin iyaka, ko a Gidan Katta, ko a tashar Illela, ko ka tsallaka Ƙonni ta Nijar, da wuya ka wuni ba ka ji shi ko Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace yana tashi daga wayar wani ba. Amma tambayi mai wayar shekarar da aka haifi Narambaɗa, ko wadda ya rasu. Ba laifinsa ba ne in ya yi shiru, domin malaman jami'a ma bakinsu bai zo ɗaya ba: wasu sun ce 1960 ya rasu, wasu sun ƙara 'yan shekaru a kai, batun haihuwa kuwa tazarar ta fi haka nisa. Mutumin da ya sa har gobe ake ambaton Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, shi kansa ba a sami wanda ya rubuta ranar mutuwarsa ba.

Dalilin a fili yake. Alƙalami a ƙasar Hausa ya daɗe a hannun malamai, su kuwa tarihin sarakuna da shehunnai suka sa gaba. Makaɗi maroƙi ne a idon jama'a: a so waƙarsa, a ba shi doki da riga, amma a rubuta rayuwarsa? Wannan bai zo wa kowa a rai ba. Da boko ya zo, masu binciken farko sun fi kula da kayan kiɗa da matsayin makaɗa a cikin al'umma, kamar littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Mamman Shata. Aiki ne na share fage, sai dai da Turanci aka yi shi, don haka bai isa hannun masu sauraron Shata ba.

A Turai da Amurka rubuta tarihin mawaƙa sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita har ya tsufa. Hunter Davies ya fitar da tarihin ƙungiyar Beatles a 1968, lokacin suna kan ganiyarsu kuma da yardarsu. Peter Guralnick ya yi wa Elvis Presley manyan littattafai biyu, a 1994 da 1999. A nan gida ma Carlos Moore ya zauna da Fela ya fitar da tarihinsa a 1982. Irin waɗannan marubuta suna da takardun kamfanonin faifai, da wasiƙu, da jaridu, da ranar da aka ɗauki kowace waƙa. Namu marubucin ba shi da ko ɗaya. Abin da yake da shi bakin mutane ne da waƙar kanta.

Idan ana maganar wanda ya mayar da wannan aiki abin yinsa na tsawon rai, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ne zai fara zuwa. Digirinsa na uku a kan waƙoƙin makaɗan fada ya yi shi, kuma tun daga nan bai saki layin ba. Littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya zama abin da ɗaliban Hausa ke dogara da shi wajen feɗe waƙa. Makaɗa da Mawaƙan Hausa, wanda ya fito a 1996, na biyunsa kuma a 2005, shi ne ya tattara taƙaitaccen tarihin makaɗa da dama wuri guda: asalin kowane, wanda ya koya masa kiɗa, abin kiɗansa, yaransa, da iyayen gidansa. A 2002 ya keɓe littafi sukutum ga Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Daga baya ya shiga fitar da Diwanin Waƙoƙin Baka juzu'i bayan juzu'i, inda yake juyar da waƙoƙin daga kaset zuwa takarda.

Salon Gusau salon malami ne. Ba ya jan mai karatu da labari, jera bayani yake yi daki-daki, kuma wanda ya zo neman daɗin hira zai iya ƙosawa. Amma kusan duk wanda ya yi rubutu a kan makaɗan Sakkwato da Zamfara bayansa, a kan harsashinsa ya ɗora. In da bai bi garuruwa ya tarar da tsofaffin masu amshi da 'ya'yan makaɗan suna raye ba, da yawancin abin da muka sani yau ya bi su kabari.

Ta wata ƙofar dabam Ibrahim Sheme ya shigo. Ɗan jarida ne mutumin jihar Katsina, wanda ya yi aiki a New Nigerian, ya zama editan Leadership, ya kafa mujallar Fim a 1999, kuma shi ya rubuta ƙagaggen labarin nan 'Yartsana. A 2006 shi da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da Shata Ikon Allah! a Kaduna, littafi mai shafi wajen 600. A sanina, kafin shi ba a taɓa yi wa wani makaɗin Hausa tarihi mai wannan girma da harshen Hausa ba. Ya bi Shata daga Musawa, inda aka haife shi a 1923, zuwa zamansa a Bakori da Funtuwa da Kano, da digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988, har rasuwarsa a watan Yuni na 1999 da binne shi a Daura. Daga baya Ƙanƙara ya sake fitar da nasa littafin shi kaɗai, Mahadi Mai Dogon Zamani.

Me ya sa tarihin Shata ya yi ƙiba haka, na Narambaɗa kuwa ya zo da giɓi? Ba don wani ya fi wani fasaha ba ne, kuma ba gazawar marubuci ba ce. Lokaci ne. Marubutan Shata sun riske shi da ransa, littafinsu ya fito shekara 7 kacal bayan rasuwarsa, lokacin makaɗan kalangunsa da masu amshinsa da iyalinsa da waɗanda ya yi wa waƙa duk ana iya zuwa a gaishe su a yi musu tambaya. Shi kuwa Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da ya fitar da littafin Narambaɗa a 2009, kusan rabin ƙarni ke tsakaninsa da mutuwar makaɗin. Dole nauyin aikin ya koma kan waƙoƙin da fashin baƙinsu, da abin da jikoki da dattawan ƙasar Isa suka ji daga na gaba.

Yadda ake gano shekarar waƙa ma wani ilmi ne mai zaman kansa, kuma ni nan ne aikin ya fi burge ni. Makaɗi ba ya cewa ga ranar da ya yi waƙa, amma yakan bar sawu. Idan ya ambaci Sardauna Ahmadu Bello a matsayin mai rai, an san waƙar ta riga 15 ga Janairu 1966. Idan yana godiyar fam da sule, to kafin 1973 ne, shekarar da naira da kwabo suka shigo. Idan ya kira mutum da sarautar da daga baya ya bari ya hau wata, an sami iyaka. Idan ya ce wane Alhaji, sai a nemi shekarar da ya sauke farali. Matsalar ita ce makaɗin baka ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sak: abin da Shata ya rera a gidan Rediyon Kaduna ba lalle ya yi daidai da wanda ya rera a wajen biki ba, yakan ƙara ɗiyan waƙar ya rage gwargwadon waɗanda ke zaune a gabansa. Sai marubuci ya tara kaset uku ko huɗu na waƙa guda kafin ya ce wani abu. Ga kuma karin harshe. Wanda kunnensa bai saba da Gobirci ko Zamfarci ba, zai rubuta abin da makaɗin bai faɗa ba, wani ya kwafa daga gare shi, kuskuren ya zama gado.

Akwai tarkon da ya fi wannan haɗari. Wanda ya ɗauki shekaru yana bin tarihin makaɗi, galibi masoyinsa ne, kuma mutanen da ke ba shi labari iyalai ne da yara. Kafin ya farga sai ya zama maroƙin maroƙi, littafin ya koma kirari. Alhali makaɗan nan mutane ne: sun yi zambo ya ɓata wa wasu suna har abada, sun yi rigima da iyayen gida, sun shiga siyasa, an yi rabon kuɗi yara sun yi fushi sun ware. Shata bai ɓoye shaye-shayensa a waƙa ba, don haka marubucin da zai ɓoye masa ya fi shi kunya ke nan a kan abin da shi bai ji kunya ba. Ban ce a tona asirin iyali ba, kara da sutura namu ne. Amma tsakanin tonon silili da wanke mutum tas akwai fili mai faɗi. Shi ya sa nake ganin ƙarfin halin Bunza da ya rubuta littafi a kan Gambu mai waƙar ɓarayi, makaɗin da wasu za su ce bai cancanci tawada ba. Wanda yake son sanin yadda ɓarna ke samun kirari a cikin al'umma, ai dole ya san mai yi mata kirarin.

Inda aka bar mu a baya shi ne nan bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Littattafan da aka yi sun fi karkata ga makaɗan manyan fadoji da waɗanda rediyo ya ɗaga. Makaɗan noma da na kokowa da na dambe, da mata masu kiɗan ƙwarya da zabiyoyi, waɗanda suka yi tashe tsakanin Illela da Gwadabawa da Gada da Ƙonni da Tawa, sunan da yawansu bai wuce bakin dattawa ba. Su kuwa iyaka ba ta taɓa tsare su ba: yau suna wasa a Nijeriya a biya su naira, gobe suna Nijar a biya su sefa. Masu tarihin Narambaɗa ma sun kawo cewa mahaifinsa Maidangwale daga Filinge ta Nijar ya fito. Ke nan mai son cikakken tarihin makaɗin wannan yanki sai ya nemi rabinsa a Rediyon Rima na Sakkwato, rabi a Muryar Sahel ta Yamai, inda kuma akwai cibiyar adana tarihin baka ta CELHTO. Binciken da ake yi a can da Faransanci yake, na nan da Hausa ko Turanci, kuma ba kasafai suke haɗuwa ba.

Wani abin takaicin shi ne aiki da yawa an riga an yi shi. Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya cike suke da kundayen digiri a kan rayuwa da waƙoƙin makaɗa, ɗalibi ya je ƙauye ya yi hira ya rubuta, aka ba shi maki, aka jera kundin a kanta. Waɗanda aka buga ɗin ma samunsu aiki ne. A kasuwar Illela za a tura maka waƙoƙin Ɗan Anace cike da memori a ɗan lokaci kaɗan, amma littafin tarihin makaɗi sai ka yi sallahu Sakkwato ko Kano, can ma a kan ce maka ya ƙare ba a sake bugawa ba.

Wayar da ake sauraron waƙar da ita, ita ce kuma a yau madadin rikodar da su Gusau suka riƙa ɗauka a kafaɗa suna shiga ƙauyuka. Malamin makaranta ko ɗalibi a Gidan Katta da ya san wani tsohon mai amshi ko makaɗin kalangu a unguwarsu, zai iya zuwa bayan la'asar ya ce, "Baba, a ba ni labarin maigidanku." Ya tambayi inda aka haifi maigidan da zamanin wane sarki, wa ya koya masa, su wa suka yi masa amshi, wane gari ya fi zuwa, me ya raba shi da wane. Ya faɗi ranar hirar da sunan garin a farkon ɗaukar, sa'an nan ya nemi mutum na biyu ya ji ko labarin zai zo daidai.