Shin Ko Kun San? Gem ɗin Waya da Rabon Ruwan Kura

Shin ko kun san ruwan da ke shayar da shinkafar Kura da tumatirin Bunkure babu injin da ke turo shi daga tushe? Daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, gangara kawai yake bi: babban kanal, ƙananan kanal, har fangalin manomi. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa ya sha ya ƙoshi, na ƙarshen layi kuwa sai ya kwana a gona yana dakon rabonsa. Wace ƙofa za a buɗe, wacce za a toshe, wa za a fara ba kafin shuka ta yi yaushi? Irin wannan lissafi ne masu ƙera gem ɗin wasa ƙwaƙwalwa ke nema ruwa a jallo.

Shin ko kun san tuni wasu suka ci kuɗi da shi? A 1989 aka fitar da Pipe Mania a Ingila, inda mai wasa ke harhaɗa bututu kafin ruwa ya cim masa. A 2011 kamfanin Disney ya saki Where's My Water?, ana haƙa wa ruwa hanya ya isa ga wani kada mai son wanka. Kada mai wanka fa! Mu kuwa ga ciyawar kacalla da ke toshe kanal, ga mai satar ruwa da dare, ga gardamar ranar wa ce yau. Kowanne mataki ne guda a gem.

Shin ko kun san dokar Candy Crush, gem ɗin da ya fito a 2012 ya cinye cajin wayoyin duniya, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa? Jera uku a layi ɗaya. Darar da dattawa ke bugawa a rairayi ma haka take: gida 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci na abokin karawarka ɗaya.

Shin ko kun san Tetris aikin mutum ɗaya ne tun asali? Alexey Pajitnov ya ƙirƙiro shi a Mosko a 1984, a kan wata kwamfuta da ko hoto ba ta iya zanawa, sai da alamomin rubutu ya yi tubalan.

Ga labarin da ya fi dacewa mai shirin farawa ya ji. Asher Vollmer da Greg Wohlwend sun shafe wata 14 suna gyaran gem ɗin Threes, suna ƙara doka suna cirewa, har suka sake shi a Fabrairun 2014, na sayarwa. A watan Maris wani ɗan Italiya mai shekara 19, Gabriele Cirulli, ya haɗa 2048 cikin hutun ƙarshen mako ɗaya, mai kama da shi ƙwarai, ya raba kyauta. Duniya ta ruɗe da 2048, har wasu suka riƙa zargin Threes da kwaikwayo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina nan ne gem mai ƙamshin gida ya fi tsira: dokar wasa kowa na iya ɗauka cikin kwana biyu, amma wanda bai taɓa tsayawa a Kadawa ko kasuwar Kwanar Gafan ba, zai sha wuya kafin ya kwaikwayi muryar manomi yana yi wa mai buɗe ƙofar ruwa tsiya.

Shin ko kun san kafin Angry Birds ya fashe a 2009, kamfanin Rovio na ƙasar Finlan ya yi gem 51 da yawancin mutane ba su san sunan ko ɗaya ba?

A gida Nijeriya ma an fara. Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas a 2012, suka yi Mosquito Smasher na kashe sauro, suka yi Aboki Run. Wato wasu sun riga mu sa kanmu a waya.

Shin ko kun san kayan aikin ba sai an saya ba? Manhajar Godot, wadda wasu 'yan Ajantina biyu suka buɗe wa kowa a 2014, kyauta ce, kuma tana da samfurin da ke aiki a wayar Android. Kafin a kai gare ta ma, gara a zana kanal da fangali a ƙasa, a ba yara tsakuwa su gwada. Idan sun watse bayan zagaye biyu, kwamfuta ba za ta gyara ba. Sannan a tuna wayar da ke aljihun mai ban ruwa: Itel ce ko Tecno, waje ya cika da hotuna da wa'azi, data kuma ta awo ce. Gem mai nauyi, ko wanda ba ya tashi sai da intanet, ranar da aka sauke shi za a goge shi.

Kuɗin shiga kasuwa fa? Google Play na karɓar dala 25 sau ɗaya tak, Apple kuwa dala 99 duk shekara. Daga cinikin da ƙaramin mai gem ya yi, Google na yankar kashi 15 cikin 100. Idan kuma da talla za a dogara, abin da ɗan wasa a Nijeriya ke kawowa bai kama ƙafar na ɗan Amurka ba, sai an tara jama'a da yawa.

Shin ko kun san sabon mai gem da ya yi rajista da sunan kansa ba ya sakin aikinsa a Google Play kai tsaye? Sai mutum 12 sun yi gwajinsa kwana 14 a jere. Da farko ma 20 aka ce, daga baya aka rage. Teburin mai shayi ɗaya a Kura zai cika adadin, in dai kowa zai daure kada ya fice kafin sati biyun.