Ƙulafucin Uwa: Yadda 'Yar Kasuwa Za Ta Yi Da Yaron Da Ba Ya Sakin Zanenta

Duk macen da ta taɓa kasa kaya a kasuwa da yaro a gefenta ta san wannan hali. Mai saye ya tsaya, ya taya, an kusa sallamawa, sai yaro ɗan shekara 2 ya damƙe bakin zanen uwarsa ya fasa ihu kamar an soka masa allura. A ba shi ƙosai ya yar, a miƙa shi ga maƙwabciyar rumfa ya ƙara sauti. Kafin uwa ta gama lallashi ta waigo, mai saye ya yi gaba. Da yamma ta koma gida da ragowar kaya da ɓacin rai, kuma sau da yawa a kan yaron take hucewa.

A Galma Kudawace, ƙaramar hukumar da ke cikin gundumar Madawa a jihar Tawa, da ma garuruwan Buza da Keita, wannan ba baƙon abu ba ne, musamman da rani. Da zarar an kammala girbin gero da wake, magidanta da samari da dama na ƙasar Adar sukan tafi cin rani Najeriya ko Kwaddibuwa ko Libiya, waɗanda suka zauna kuma suna can fadamun Tarka da Majiya wajen aikin albasa, tun daga dashe a watannin sanyi har zuwa cira a wajejen Maris da Afrilu. Mace ce ke riƙe da gida, ga daka, ga ɗebo ruwa, ga itace, ga kuma sana'ar fura ko tuya ko ƙuli-ƙuli da za ta kai kasuwannin mako. Ko a shekarar 1984 da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasar noma na Keita da taimakon ƙasar Italiya, mata ne suka fi yawa a cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙar ramuka, saboda maza ba sa gari. Ke nan uwa mai hidima da yawa ba yau ta fara ba, haka kuma yaron da ke bin ta da kuka.

Me ke kawo ƙulafuci?

Abu na farko da ya kamata uwa ta sani shi ne, ƙiwa da ƙulafuci mataki ne na girman yaro. Likitocin yara sun bayyana cewa abin yakan fara ne daga wajen wata 7 zuwa 9, ya yi tsanani tsakanin wata 10 zuwa 18, sannan ya riƙa raguwa idan yaro ya doshi shekara 3. A wannan lokaci ne yaro yake fara gane cewa uwarsa tana wani wuri ko da ba ya ganinta, amma bai san lokaci ba. “Yanzu zan dawo” da “sai gobe” duk ɗaya ne a wurinsa. Saboda haka idan ta ɓace masa, ba shi da tabbacin za ta komo, kuka da riƙe zane kuwa su ne kaɗai makaminsa.

A tsakanin 1954 da 1955, wata masaniyar halayyar yara haifaffiyar Amurka mai suna Mary Ainsworth ta riƙa ziyartar gidaje 26 a ƙauyukan da ke kusa da Kamfala a ƙasar Yuganda. Abin da ya ja hankalinta tun farko shi ne labarin da ta ji cewa mutanen wurin suna kai yaro gidan kaka idan za a yaye shi domin ya manta da nono, al'adar da mu ma muka sani sarai. Abin da ta gano, wanda ta wallafa a littafi a 1967, shi ne yaran da iyayensu mata suka fi lura da su da amsa musu idan sun nema, su ne suka fi ƙarancin kuka, su ne kuma ke sauka daga cinya su tafi wasa hankali kwance. Waɗanda ba su da tabbas a kan uwa kuwa sukan yi ta kuka ko da tana riƙe da su.

An yi makamancin wannan bincike a ƙasar Hausa ma. A 1977 wasu masana, cikinsu har da Robert Marvin da Robert LeVine, sun wallafa abin da suka gani game da jarirai 18 a wani gari na Hausawa a Najeriya, inda suka tarar kowane yaro ya shaƙu da mutum 3 zuwa 4 a cikin gida, amma akwai mutum ɗaya da ya fi jingina da shi, wato wanda ya fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Wannan albishir ne ga 'yar kasuwa. Yaro zai iya samun natsuwa a hannun kaka ko gwaggo ko abokiyar zama, muddin dai ya saba da hannun.

Akwai abubuwan da ke ƙara wa ƙulafuci ƙarfi. Tafiyar uba na cikinsu, domin yaron da ya wayi gari babu wanda ke ɗaga shi sama da safe zai ƙara riƙe wadda ta rage masa. Haka yaye na rana ɗaya, da samun sabon ciki, da zuwan ƙani. Binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi mace na haihuwar sama da yara 7, adadin da ya sauko zuwa kimanin 6 a binciken 2021, ma'ana yara da yawa suna barin bayan uwa ne tun ba su ƙoshi da goyo ba.

A fara duba lafiyarsa

Wani hanzari ba gudu ba, ba kowace rigima ce ƙulafuci ba. Idan yaron da ya saba wasa ya koma ba ya son sauka daga jiki, to a taɓa jikinsa. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon kunne, haƙori, gudawa, ƙarancin jini da yunwa duk suna sa yaro naci. Yankin Madawa ya san illar tamowa, ganin cewa bayan ƙarancin abincin 2005 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin kula da yara a can a 2006, shekarar da gwamnatin Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta. Yaron da ke da zafin jiki, ko ya ƙi nono da abinci, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko yake ramewa, asibiti za a kai shi, ba jiƙo ko tsawa ba. Sannan yaron da ya yi laƙwas, ba kuka ba wasa, ba ya damuwa da shigar uwa ko fitarta, ya fi mai ihu zama abin tsoro.

Dabarun da ke ƙara dagula al'amari

Dabarar da ta fi yawa a tsakanin mata ita ce sulalewa. A ba yaro wani abu ya shagala, uwa ta ɗauki tallarta ta fice ta bayan danga. A ranar ta tsira da kuka, to amma me yaron ya koya? Kowace 'yar kasuwa ta san abin da ke faruwa idan mai awo ya tauye mata tiya sau ɗaya: daga ranar idonta ba zai sake barin hannunsa ba. Haka yaron da aka gudar masa, gobe ko bayan gida uwa za ta shiga sai ya bi ta, domin ya daina yarda.

Na biyu shi ne tsoratarwa, irin su “dodo zai kama ka” ko “zan tafi in bar ka”. Yaron da tsoro ne ya sa shi kuka, ƙarin tsoro ba zai zama magani ba. Duka ma haka ne. Kuma duk yadda rai ya ɓaci kada a jijjiga jariri da ƙarfi, domin hakan na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa har ya nakasa ko ya rasu. Idan uwa ta ji haƙurinta ya ƙare, ta miƙa shi ga wata ko ta kwantar da shi a wuri mai aminci, ta sha iska na ɗan lokaci.

Na uku shi ne sayen shiru da alewa ko biskit ko miƙa wayar salula. Idan duk lokacin da ya yi ihu sai dala ta fito daga lalita, to ya gane farashin ihu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 a gaban waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuwa kada su wuce awa 1 a rana. Mafi haɗari duka shi ne ba yaro maganin mura ko na barci daga hannun masu tallar magani domin ya yi shiru a ci kasuwa. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna danne numfashin ƙaramin yaro.

To, mece ce mafita?

Ba ana cewa mace ta bar sana'arta ba ne, domin da ita ake cin tuwo. Abin da yaro ke nema bai kai yawan da ake zato ba, tabbas yake so. Ki ware masa rabonsa tun da safe kafin ya tambaya, ko da minti 10 ne, wajen wanka ko shafa mai ko shan kunu, ki dube shi, ki kira sunansa, ki yi masa hira. Yaron da ya samu nasa da safe ba ya yawan ƙwace da rana.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki jira sai ranar kasuwa sannan ki ajiye shi a hannun wadda bai sani ba. Ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu tsayayyu, ki riƙa barinsa a wurinsu na ɗan lokaci kina gida, sannan ki ƙara tsawon lokacin sannu a hankali. Idan surukarki ce, ki nemi alfarmar cikin ladabi: “Inna, don Allah ki riƙa ɗaukar mini shi da hantsi ya saba da ke.” Yarinya 'yar shekara 6 ko 7 za ta iya yi masa wasa, amma ba ita za a bar wa jariri wuni guda ba, balle a hana ta makaranta saboda raino.

Idan za ki fita, ki yi masa sallama a fili, a taƙaice, da fara'a. Ki ɗaura dawowarki da abin da ya sani: “Zan je kasuwa, Inna za ta ba ka fura, in an kira la'asar zan dawo.” Zai yi kuka, kada ki koma sau uku kina leƙe. Ki bar masa tsohon ɗankwalinki ko zanen goyonsa mai ƙanshin jikinki. Babban abu shi ne ki cika alkawari. Idan kin dawo kuma, kafin ki kwance lalita ki fara lissafi, ki fara ɗaukarsa tukuna.

Ranar da dole ki tafi da shi, ki ciyar da shi kafin kasuwa ta cika, ki shimfiɗa masa buhu a inuwa kusa da ke, nesa da kaskon suya da hanyar amalanke da babura. Ɗan shekara 3 yana son a ce ya iya, don haka ki ba shi ɗan aiki, ya jera miki albasa a faifai ko ya riƙe murfin kwano. Sannan ki lura da shi lokacin da yake zaune lafiya, ki ce “madalla da yaron kirki”. Da yawanmu ba ma ganin yaro sai ya yi ɓarna, shi ya sa yake yin ɓarnar domin a gan shi. Idan ya yi birgima a kan abin da kika hana, ki tsaya a kan maganarki ba tare da ihu ba, in ya huce ki rungume shi.

Game da yaye, likitoci da malamai sun haɗu a kan shayarwa har shekara 2. Idan lokaci ya yi, ya fi sauƙi a riƙa rage nono a cikin makonni, a fara da na rana, yaro na cin abinci sosai, maimakon a raba shi da nono da uwa da gida duk a dare ɗaya. Idan kuma za a kai shi gidan kaka, to ya kasance kakar da ya riga ya saba da ita.

Maza ma suna da nasu. Wanda ke gida ya ɗauki ɗansa zuwa majalisa ko bakin garka na awa guda, wanda ke cin rani kuma idan ya bugo waya ya ce a kara wa yaron a kunne ya ji muryarsa. Ba ragwanta ba ce. Ya tabbata a hadisan Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro saboda tausayin uwarsa.

Ƙulafuci yana da ranar ƙarewa. Yaron da yau ya hana ki ba da canji, nan da 'yan shekaru shi ne za ki riƙa aike ana nemo miki shi a wurin wasa. Idan dai ya wuce shekara 4 ko 5 abin na ƙaruwa, ba ya barci, ba ya cin abinci, ko ya ƙi makaranta saboda tsoron rabuwa da ke, sai a kai shi ga ma'aikatan lafiya su duba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a cikin nema.