ƘARAMIN TANDERUN GWAJI GA MAGINAN TUKWANE

Duk maginin tukwane ya san zafin wannan rana. An yi mako uku ana gini, an sayi kara da itace, an jera kaya a matoya, an cinna wuta. Da gari ya waye sai a tarar rabin tukwanen sun tsage. Sau da yawa laifin ba na hannun magini ba ne. Laifin sabon yumɓu ne da ba a gwada ba.

A ƙasar Tambuwal da Kebbe ramukan yumɓu ba iri ɗaya ba ne. Na wannan fadama daban, na waccan daban. Ko a rami guda, na sama yakan bambanta da na ƙasa. Shi ya sa yake da kyau magini ya mallaki ɗan ƙaramin tanderu a gida, ya gwada kaɗan kafin ya toya da yawa. Haka ake yi a manyan makarantun sana'ar. A Abuja ta dā, wato Suleja, Baturen Ingila Michael Cardew sai da ya gwada yumɓun wurare da dama. A makarantarsa ce Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ita ce wadda hotonta yake bayan takardar Naira 20.

To, wane iri za ka zaɓa?

Akwai na lantarki, irin na birni. Wannan a bar shi. Yana da tsada, yana shan wuta, kuma in aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki gwajin ya lalace. Akwai na duro, wanda ake yaɓe cikinsa da laka. Ana iya ɗaukarsa, amma ƙarfen yana saurin cinyewa, kuma duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Akwai kuma ɗan rami a ƙasa. Ba ya cin ko kwabo, sai dai iska tana wasa da wutarsa, zafin yau ba na gobe ba ne. Gwajin da zafinsa yake canzawa kullum ba zai gaya maka gaskiya ba.

A ganinmu na tubali ya fi. Ka gina shi kewayayye kamar ƙaramin rumbu, faɗin cikinsa kamu ɗaya, tsawonsa kamu ɗaya da rabi. Ka kwaɓa tubalin da yashi da ƙaiƙayi don ya riƙe zafi. Ka bar ƙofar wuta a ƙasa. Sama da ita da taƙi ɗaya ka gicciya sandunan ƙarfe, ka shimfiɗa fasassun tukwane. A kansu kaya za su zauna, ba a cikin garwashi ba. Bakin sama kuma a rufe da manyan tsingaro, a bar 'yan kafofin hayaƙi. Kada ka yi kwaɗayin faɗaɗa shi. Tanderun da zai ci itace da yawa, mai shi zai yi ƙyuyar kunna shi. A gina shi nesa da danga da rumbun hatsi, musamman saboda iskar hunturu.

Yanzu ga gwajin kansa. Ka yi 'yan fale-falen yumɓu huɗu, kaurin yatsa. Na farko yumɓu zalla. Na biyu da yashi kaɗan. Na uku da yashi mai yawa. Na huɗu da dakakken tsingaro. Ka rubuta lamba 1 zuwa 4 a jikinsu da tsinke tun suna ɗanye. Ka ari rular ɗan makaranta, ka ja layi mai santimita 10 a kan kowanne. Ka shanya su a inuwa har su bushe ƙarau.

Wajen kunna wuta ne mutane suke kuskure. A fara da 'yar wuta a bakin ƙofa, kamar awa biyu. Dalili shi ne, ruwa yana tafasa a digiri 100. In akwai sauran danshi a cikin yumɓu aka matsa masa wuta, tururi ne zai fasa shi. Bayan haka a riƙa ƙara itace sannu a hankali. Gara a yi aikin da yamma, domin da duhu ido yake ganin launin zafi. Ja mai duhu ya kai wajen digiri 600 zuwa 700. Ja mai haske ya doshi 800 zuwa 900, kuma wannan ya ishi tukwanenmu na gida. Sai a toshe ƙofa, kada a buɗe sai washegari.

Da safe ka sake auna layin. In ya dawo santimita 9, yumɓun ya tsuke kashi ɗaya cikin goma. In ya tsuke fiye da haka sosai, ko falen ya lanƙwashe, yana son ƙarin yashi. Ka ƙwanƙwasa shi da farce. Wanda ya toyu yakan yi ƙara ras, wanda bai toyu ba yakan yi kamar an buga ƙasa. Ka jiƙa shi a ruwa kwana ɗaya. In ya narke, wutar ba ta isa ba. Tsatsafar ruwa kaɗan kuwa ba aibi ba ce ga tulu da randa, ita ce take sanyaya ruwan sha.

Kada ka yi saurin yanke hukunci. Ka ajiye falen mako biyu. Jihar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina. In tsakuwarsa ta shiga yumɓu ta sha wuta sosai, daga baya takan sha danshi ta kumbura, ta ɓantare jikin tukunya. Wanda ya ga fararen ɗigo-ɗigo sun fashe, sai ya riƙa tace yumɓunsa da rariya.

Abu ɗaya ya rage. Yadda ƙaramin tanderu yake ɗaukar zafi ba ɗaya ba ne da na babbar matoya. Saboda haka in haɗi ɗaya ya yi kyau, ka gina ƙananan tukwane uku da shi, ka sa su cikin toyi na gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Lambar haɗin da ya ci, ka rubuta ta a littafinka tare da sunan ramin da aka haƙo yumɓun.