A auna jini kafin a fara maganin ciwon daji

Ƴan uwa, in lokotoro ya ga mutum yana da ciwon daji, sau da yawa akan tura shi babbar likita a Yamai. Can ana ba shi magani mai ƙarfi, galibi ta ƙarin ruwa. Maganin yana yaƙar ciwon, amma yana rage ƙarfin jiki na kare kansa.

Ga inda haɗarin yake. Mutane da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, wadda ake kira epatit B, ba su sani ba. Wani tun yana jariri ya same ta. Tana kwance cikin hanta shekara da shekaru. In jiki ya yi rauni, sai ta tashi. Ido ya yi rawaya, hanta ta lalace, tilas a tsai da maganin dajin. Wani ma yakan rasa ransa.

Don haka a auna jini tukuna. In an ga ƙwayar, akwai maganin haɗiya, tenofovir, ɗaya kowace rana. Ana fara shi kafin ƙarin ruwa, a ci gaba wata 6 zuwa 12 bayan an gama. Kada a bari don an ji sauƙi.

Wanda ya taɓa yin shawara, ya gaya wa lokotoro. A kuma bar jiƙo da sassaƙe, waɗansu suna ƙara wa hanta wahala.