Inshorar Dole Ga Gidajen Kula Da Tsofaffi A Amurka: Wa Zai Biya Diyyar Sakaci?

A ƙasar Amurka akwai gidajen kula da tsofaffi da nakasassu kimanin 15,000, inda mutane fiye da miliyan ɗaya suke zaune. Akasarin gidajen na 'yan kasuwa ne masu neman riba, kuma shirin gwamnati na Medicaid shi ke ɗaukar nauyin mafi yawan mazaunan. Sana'a ce mai kawo kuɗi, amma takan jawo shari'a, domin tsohon da aka bari kwance ba a juya shi yakan fito da gyambo, wani ya faɗi ya karye, wani kuma ƙishirwa ta galabaita shi har rai ya yi halinsa.

Idan haka ta auku, dangi sukan garzaya kotu neman diyya. To amma samun nasara a gaban alƙali daban, karɓar kuɗin kuma daban. Dokar tarayya ta 1987, wadda ta tsara haƙƙoƙin mazauna waɗannan gidaje, ba ta wajabta wa masu gidajen sayen inshorar biyan diyya ba. An bar wa kowace jiha ta yi yadda ta ga dama, jihohi da yawa kuwa ba su wajabta komai ba.

Jihar Florida ce ta fi ɗanɗana kuɗarta. Ya zuwa ƙarshen shekarun 1990 ƙararraki sun yi yawa, kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin inshora da dama suka janye daga wannan kasuwa. A 2001 majalisar dokokin jihar ta zartar da dokar da ta ƙara yawan ma'aikatan jinya da tilas kowane gida ya ɗauka, ta taƙaita diyyar ladabtarwa, sannan ta wajabta inshora. Sai dai dokar ba ta faɗi mafi ƙarancin adadin da za a saya ba. Nan fa 'yan kasuwa suka ga ƙofa. Mai gida na iya sayen inshorar da ba ta taka kara ta karya ba, ya nuna wa hukuma takarda, ya ci gaba da harkarsa ba tare da ya saɓa wa doka ba.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan cutarwa. A wasu yarjejeniyoyin, daga cikin kuɗin diyyar ne ake cire ladan lauyoyin da ke kare gidan, don haka duk tsawon da shari'a ta yi, abin da zai rage wa mai ƙara sai ƙara narkewa yake yi. Haka nan masu jari sukan raba dukiyar gida biyu: ginin yana hannun wani kamfani, gudanarwa tana hannun wani wanda ba shi da ko sisi a ajiye. Lauyan da ya duba ya ga babu abin kamawa ba zai ma karɓi shari'ar ba.

Jihar Pennsylvania ta bi wata hanyar. Dokarta ta 2002 ta ƙayyade dala 500,000 a kan kowane lamari, tare da wata gidauniya ta jiha da ke biyan ƙari idan diyyar ta zarce hakan. Ita kuwa Texas, a 2003 ta sa iyakar dala 250,000 ga diyyar raɗaɗi da wahala da za a nema daga cibiyar lafiya ɗaya. Wannan iyaka ta fi taɓa tsofaffi, tun da ba su da albashin da za a ce sun yi hasararsa.

Masu gidajen suna da hujjarsu, kuma ba ta yarwa ba ce. Abin da Medicaid ke biya a kan kowane gado ƙayyadajje ne, ba za su iya ƙara farashi yadda suke so ba, inshora mai tsada kuwa na iya rufe ƙananan gidaje na karkara. Amma fa kamfanin inshorar da ya san zai biya maƙudan kuɗi yakan aiko da masu bincike, ya tsawwala farashi ga gidan da ke da tarihin sakaci, ya sassauta wa mai kula. Inshorar jeka-na-yi-ka ba ta kawo wannan sa ido.

A nan gida Nijeriya, inshorar kuskuren ma'aikatan lafiya tana cikin jerin inshorar dole da Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, take lissafawa. Mai niyyar zuba jari a asibiti ko gidan jinya, kafin ya sa hannu, ya kamata ya tambayi dillalinsa adadin da za a biya a kan kowane lamari, da kuma ko ladan lauya yana cikin wannan adadi.