Ramin Ma'adinai Ba Ya Cike Kansa

A kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, inda 'yan kasuwa da dama suke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a wuraren haƙar zinariya da lu'ulu'u na Berberati, Carnot da Bria, akwai maganar da ake yawan yi idan zancen lasisin ma'adinai ya taso. Wai ƙasa tana warkar da kanta, damina biyu ko uku rami ya cike, ciyawa ta rufe shi. Saboda haka, in ji su, gwamnatin da ta tsaya bincike kafin ta sabunta wa kamfani takarda na goro kawai take nema, kuma tana toshe wa talaka hanyar abinci. Dattawan da ke faɗin haka suna da hujjarsu. Sun ga jami'in da ya mai da doka abin tatsa, sun kuma ga ramin da aka haƙa da diga da shebur ya shafe bayan 'yan shekaru. Duk da haka, Allah ya ba su haƙuri, ban yarda da hukuncin da suka yanke ba.

Aikin katafila ya sha bamban da na shebur, kuma haƙar kwal ta fi nuna hakan. Ƙasar da ke ciyar da dawa da rogo ita ce baƙar nan ta sama, wadda sau da yawa ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Injin yakan kwashe ta da farko, kuma idan ba a tara ta gefe an adana ba, sai ta nutse ƙarƙashin tsakuwa da jar ƙasa marar taki. Sannan duwatsun da ke tare da kwal sukan ƙunshi sinadarin da in ya haɗu da iska da ruwa yake zama ruwa mai tsami, ya malala cikin rafi da rijiya. Ke nan daminar da ake sa ran za ta gyara wurin ita ce take yaɗa ɓarnar. A Maiganga ta jihar Gombe, inda ake haƙo kwal domin masana'antar siminti ta Ashaka, sai da aka tashi ƙauye aka sake masa matsuguni, kuma mazauna wurin sun daɗe suna kukan ruwan sha da gonaki.

Wanda ke shakka ya je Jos. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka fara haƙar kuza a can, kakanninmu Hausawa da yawa suka yi musu lebura. Kamfanonin sun tafi da daɗewa, amma kududdufan Bukuru da Barikin Ladi suna nan cike da ruwa, suna cin mutane da dabbobi. Mu ma a ƙasar nan mun gani: a 2019 kamfanonin 'yan China suka shiga kogin Ouham kusa da Bozoum neman zinariya, suka karkatar da ruwan, har 'yan majalisar dokoki suka je suka ba da rahoton gurɓacewarsa.

Duk mai shago a kasuwar nan ya san lokacin da yake da ƙarfi a kan ɗan haya, wato ranar sabunta yarjejeniya, domin in mutum ya kwashe kayansa ya tafi, ba ka da wanda za ka riƙe a kan rufin da ya fasa. Haka yake a harkar ma'adinai: dokar Amurka ta 1977 ta sa lasisin haƙar kwal ya zama na shekara 5 a bisa al'ada, kuma dole kamfani ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara tono, waɗanda ba za a mayar masa da su duka ba sai an ga ya cike ramin, ya shimfiɗa ƙasar sama, shuka ta kama. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ita ma ta tanadi asusun gyaran muhalli da yarjejeniya tsakanin kamfani da mutanen gari, sai dai lasisinta shekara 25 ne, kuma a ganina tazarar ta yi yawa ga manomin da aka karɓe wa gona.

Tsoron cin hanci gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a yi binciken a bainar jama'a. Kafin a sa hannu kan sabon lasisi, a kira mai gari da liman da manoma, a zagaya filin tare, a auna ruwan rijiya, a karanta musu adadin kuɗin da kamfanin ya ajiye da bankin da suke ciki.